Alkakin Garar Sumayya

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025
Yau wata uku cif da aka rage min tumbi a Abuja. Kilo ashirin da biyu sun tafi, suga ya sauka, gwiwa ta daina ciwo. Alhamdulillahi. Sai dai likita ya ce burodi sai gasasshe, loma ɗaya, in tauna har in gaji. Kayan suya da na zaƙi kuwa in manta da su tukuna. Ni da shekara goma sha tara alkaki ne sana'ata.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Ƙawata Halimatu ta zo daga Warra. Garar ɗiyarta Sumayya, Asabar ta sama. "Dangin angon 'yan Birnin Yauri na, sun san alkaki. Maryam, kar ki ba ni kunya." Na ce ta kwantar da hankalinta. Ban gaya mata da harshe nake gane tsamin kwaɓi ba, ban taɓa awo ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba
Na yi gwaji. Rabin alkaki ɗaya na ci, a tsaye a madafi. Kafin in wanke hannu zufa ta karyo, zuciya na dukan ƙirji, sai ga ni kwance a siminti ina amai. Haka maigidana Surajo ya same ni. Bai yi faɗa ba, farantin kawai ya ɗauke. Gara ma a ce faɗan ya yi.

Litinin, 13 ga Oktoba
Romon kifi, cokali shida. Haushin kowa nake ji.

Laraba, 15 ga Oktoba
Na kwaɓa alkamar gara, na rufe. Tsoro nake ji, wallahi. In tsami ya zarce an yi asara, in bai kai ba ya yi tauri. Innata na zaune ƙofar ɗakinta tana kallona. Ita ta koya min. Shekara shida ke nan da na hana ta taɓa kwaɓi, wai hannunta na rawa. Ba rawar ba ce. So nake a ce alkakin Maryam, a daina cewa na Inna.

Alhamis, 16 ga Oktoba
Da hantsi na ɗebo a cokali na kai mata. Ta daɗe tana juya shi a baki. "Bai yi ba. Bar shi sai la'asar." Na ce ni a hancina ya yi. "To mi ya kawo ki?" Raina ya ɓaci sosai.
Na bar shi sai la'asar.

Lahadi, 19 ga Oktoba
Halimatu ta kira tana dariya, wai dangin ango sun kusa faɗa wajen rabo, suna ta tambayar hannun wa ne. Sai na ji bakina ya ce, "Ni da Inna."
An kawo wani aikin daga Shanga. Na sa Surajo ya matso da kujerar Inna bakin madafi. Can ya fi inuwa, shi ke nan.