Buhun Dankali Zuwa Abuja

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata, hasken da ke fito mini ta bayan duwatsun Jos, Abdulfatah.

Bayan gaisuwa da begen da takarda ba za ta ɗauka ba, na ga hoton da ka turo daga shagon ɗinkin da ka samu aiki a Abuja, kuma wallahi tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ina kumatun nan da nake tsokana? Rigar da ka ɗinka wa kanka rataye take a jikinka kamar a ƙusa! Sannan ka ce a ɗaga bikinmu sai ka tara kuɗin hayar ɗaki a can.

Haba masoyina! Ka ce kuɗin ɗinki a can ya ninka na nan. Na yarda, amma wa ke cinsa? Kai da bakinka ka ce a Mararaba kake kwana, rabin guminka motar haya ke lashewa. A gabana ake loda kabeji da karas a rumfar Baba ta kasuwar Farin Gada, su bi ka har can, ka saye su da tsadar da ba ta jin kunya. Garin da sai da fanka ake barci! Mu nan Allah ke hura mana iska kyauta.

Ka tuna ranar da ruwan ƙanƙara ya tsare mu a kasuwar Terminus, muka raba gasasshiyar masara, ka ba ni ɓarin da ya fi girma? Me muka rasa a ranar?

Ga abin da ya hana ni sukuni. Kawu ya ce ciki da falon nan na Anguwan Rogo ba zai ƙara riƙe mana ba, bayan Sallah zai zuba 'yan haya. In ya kuɓuce, ina muka nufa? Mun saki reshe mun kama ganye ke nan. Tsoro nake ji, Abdulfatah, kada Abujar nan ta cinye mini kai kaɗan-kaɗan ina zaune ina jira.

A bakin buhun dankali na sa takardar nan, direban Baba zai kawo maka. Kada ka ba ni amsa da yunwa a cikinka. Ka soya, ka ci, ka ƙoshi, sannan ka sake lissafin. In bayan haka ka ce Abuja, zan bi ka ko ƙarƙashin gada ne. Amma don Allah ka fara ci.

Taka har ƙasa ta rufe idona,
Kubra