Wayar da Na Ɓoye ce Ta Ƙona Kicin, Maƙwabciyata Aka Kora

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. 'Yan'uwa, kada ku yi saurin zagina, wanda nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni matar aure ce, muna haya a Agege. Kicin ɗaya muke girki da maƙwabciyata Maman Grace, tela ce 'yar Kudancin Kaduna. Ita ta yi min wankan jego lokacin da ba ni da kowa a Legas. Da gas ya yi tsada na sayo tsohuwar kukar girki mai aiki da lantarki, abokin maigidana ya jawo mata wata siririyar waya daga soket ɗin ɗakinmu ta bayan kabad. Ina ɗora tukunya wayar ke ɗaukar zafi, fiyus ya yi ta yankewa, sai abokin ya cire shi ya haɗa wayar kai tsaye.

Ranar da mai gidan da muke haya ya turo injiniya duba wayoyin wuta, na lulluɓe kukar da zani na jera kwanuka a kai. Ya tambaye ni, "Madam, akwai abu mai jan wuta sosai a nan? Wayar gidan nan ba za ta ɗauka ba." Na ce babu. Maman Grace na tsaye, ba ta tona ni ba. Ƙaramin rishonta na lantarki ya gani, ita ya gargaɗa.

Wata Asabar da rana na ɗora wake aka ɗauke wuta, na tafi kasuwar Mile 12 cefane ban kashe kukar ba. Kafin na dawo an kawo wuta, kicin ya kama da wuta. Maman Grace ta kutsa cikin hayaƙi ta jawo tukunyar gas don kada ta fashe, hannunta na dama ya ƙone. Tana kuka ta ce min, "Kin kashe taki? Ni ban tuna ko na zare nawa ba." Na ce na kashe. Wace irin zuciya ce da ni?

Maigidana ya ga inda wayarmu ta narke, ya kwashe ta har da kukar kafin mai gidan ya iso. Aka ɗora wa Maman Grace laifin, aka kore ta. Ko a nan ba ta ambaci kukata ba.

Yanzu tana raɓe wurin 'yar'uwarta a Abule Egba, hannun ba ya riƙe almakashi. Jiya ta kira ni ta ce, "'Yar'uwata, ki yafe min, na ƙona miki kayan aurenki." Har muka ajiye waya ban faɗa mata gaskiya ba.

Maigidana ya ce in na buɗe baki, mu ma korar mu za a yi, abokinsa ya kwana a hannun 'yan sanda, ni kuma in nemi inda zan zauna. Ina tsoron hakan, ba zan ɓoye muku ba. Amma da wace fuska zan ɗaga hannu in roƙi Allah, wadda na zalunta tana neman gafarata?

Me zan yi?