Sunana a Littafin Gidanmu

Chiayi, 9 ga Afrilu

Yayana Dehai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya ƙafar Mama? Tana iya hawa bene yanzu?

Maƙwabciyata Madam Kuo ce za ta kawo maka wannan, za ta tsallako teku zuwa lardinmu na Fujian ganin ɗanta. Maganar ba ta waya ba ce.

Hukumar nan Taiwan ta aiko mini da takarda: cikin wata uku in kawo shaidar cewa an soke sunana daga littafin rajistar gidanmu na can, in ba haka ba a karɓe katina na 'yar ƙasa. Shekara ashirin da huɗu, Yaya! Nan na yi aure, nan na haifi Bo-han, nan na yi jinyar surukina har ya cika. Duk na zayyana wa ma'aikaciyar. Ta ce, "Goggo, ni ma ba a son raina ba. Tunda can suna cewa tsibirin nan nasu ne, dole a san kowa na wane ɓangare ne."

Mijina Kun-shan ya ce, "Ke da kika fi ni iya zagi da yarenmu, wa zai kore ki?" Dariya yake yi, amma ranar bai taɓa shinkafarsa ba.

Ka taimake ni, ka je ofishin gundumarmu ka samo mini shaidar nan.

Ƙanwarka,
Yuelan

Chiayi, 21 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Mama. Amsarka ta iso, na karanta har sau uku.

Wato mutumin ofishin ya ce maka ba inda na tafi, daga lardi na koma lardi, ƙasa ɗaya ce, me zai soke? Su sun ce ban fita ba, nan kuma an ce ban gama shigowa ba. Na gode da sintirin da ka yi har ya sauko. Amma da ya ce sai mai gida ya dangwala yatsa, na san da sauran aiki, don tun rasuwar Baba, Mama ce mai gida a shafin farko. Ka ce ta ture littafin, ta ce ba ta haifi 'ya don ta goge ta da yatsanta ba. Ban ga laifinta ba. Ban kuma san me zan ce ka gaya mata ba.

Ina nan ina sayar da karin kumallo. Jiya jiragen yaƙi suka wuce da ƙara, tsoho Lai mai gyaran babur ya ɗaga kofinsa ya ce, "Yuelan, ƙaro madarar waken suya kafin danginki su iso!" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Shekara goma sha biyar yana cin ƙwai a rumfata, na san ba da mugunta ya faɗa ba. Na juya na ƙaro masa madarar.

Ga wata kuma: an kira Bo-han aikin soja na shekara ɗaya. Na san ɗanka Zirui yana rundunar ruwa ta can. Yaran da suka kwana gado ɗaya a ɗakin Mama duk bikin sabuwar shekara!

Saura mini kwana arba'in da 'yan kai.

Taka,
Yuelan

Chiayi, 2 ga Yuli

Yayana,

Da fatan ruwan bana bai yi muku ɓarna ba, kuma kowa lafiya.

Takardar ta iso. Ka ce da Mama ta ji za a iya raba ni da Bo-han, sai ta sa rigarta mai kyau, ta hana ka riƙe mata hannu, ta je ofishin da kanta. Na ga tambarin yatsanta. Jan tawadar ya ɗan goge gefe, kamar an janye hannun da sauri.

Na kai musu jiya. Ma'aikaciyar ta buga hatimi, ta ce, "Barka, Goggo, yanzu kin zama tamu." Na yi godiya. Na fito na zauna a tashar bas, motar da zan hau ta wuce sau biyu ban tashi ba.

Sau huɗu ina kiran Mama, matarka tana cewa tana barci. Na san ba barci ba ne. Kada ka matsa mata.

Bo-han ya tafi sansani ranar Litinin, an yi masa aski ƙwal, sai ka ce Baba yana saurayi. A tashar jirgin ƙasa ya tambaye ni ko zai iya ci gaba da aika wa Zirui saƙo. Na ce a'a. Ni, uwarsa, na ce a'a.

Abu ɗaya nake roƙonka, Yaya. Kada ka taɓa gaya mini inda jirgin Zirui yake, ni ma ba zan gaya maka inda aka kai nawa ba. In na je haikali zan kunna turare biyu. Iyakar abin da ke hannuna ke nan.

Ka shafa wa Mama man ƙafar da na aiko, ko ba ka ce daga ni ba ne.

Ƙanwarka har yanzu,
Yuelan