Ranar da Na Kasa Kuka a Ɗakin Tsofaffi

Zuwa ga Goggo Myeong-ja,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi, tare da fatan sanyin Hamburg bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Mu nan Mokpo muna lafiya gwargwado. Umma ta gama haɗa kimchi, jiƙaƙƙen kabejin nan mai yaji da muke ajiyewa don hunturu, tana ta mitar kabejin bana duk ruwa ne.

Goggo, ke da kika ƙare ƙuruciyarki kina jinyar mutane a ƙasar da ba taki ba, ke kaɗai zan iya gaya wa wannan. Makarantarmu ta koyon jinya ta tura mu koyon aiki asibiti, a ɗakin tsofaffi. A can na haɗu da wata tsohuwa, Bae Sun-deok, mai sayar da busasshen kifi a da. Ba ta cin abinci sai na zauna kusa da ita, tana tsokanata wai hannuna laushi kamar na malalaciya, wa zai kwashe ni. Wata rana babbar nas ta tarar ina taje mata gashi. A gaban kowa ta ce in tallar tausayi na zo yi, to kasuwa na can bakin teku, nan marasa lafiya na jira. Ƙawata Ga-eun ta ja ni gefe ta ce in riƙa kallon allura da ma'aunin jini, in daina kallon fuska, da haka kowa ke kai labari. Na ji maganarta, abin kuma ya yi mini sauƙi fiye da yadda na zata.

Ranar Talata da hantsi tsohuwar ta rasu. Na taya aka cire zanen gadonta, na sauka ƙasa na ci shinkafa da miya har na nemi ƙari. Ko ƙwalla ban yi ba. An ce yau da gobe ba ta bar komai ba, amma ni ko takardar shaidar gama karatu ban karɓa ba tukuna, ga shi zuciyata har ta bushe.

Na san Umma ta gaya miki ƙarin da aka gano a cikin Baba. Wata mai zuwa za a yi masa aiki, kuma a asibitin namu. Jiya na ji shi yana dariya, yana gaya wa abokan kamun kifinsa shi ko a jikinsa, tunda asibitin cike yake da yara irin 'yarsa. Na tashi na shige ɗaki.

Don Allah ki gaya mini gaskiya, Goggo. Ke ma zuciyarki ta taɓa bushewa haka? In ta bushe, tana dawowa kuwa?

Ki gaida maigidanki Kawu Reinhard da 'yarki Hanna da jaririnta. Umma da Baba suna gaishe ki.

'Yarki,
Ye-rim