Tulun da Ban Buga Ba

Lafia, 4 ga Nuwamba

Ƙawata Maman Kelvin,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Keana, yaya aikin gishiri, yaya ƙafar nan taki? Mu lafiya lau muke, sai dai raina a ɓace yake.

Kin san wa'adin da na yi wa Ubangiji ranar da aka ciro ɗana Aondover daga ƙarƙashin motar doya a hanyar Doma. Na ce in ya sake taka ƙasa, ranar godiyar kaka zan buga tulu har tafin hannuna ya fashe. To, ya taka. Godiya saura mako ɗaya, sai sabon Fastonmu, Ya'akubu, ya ce bana ba tulu, ba ganga, ba lasifika. Wai an dawo da Halimatussa'adiya daga asibiti, matar Jafaru tela da katanga ta raba su da coci, kuma ƙara kaɗan ta ji sai ta suma. Su ba su ma roƙa ba fa, shi ya kai kansa ya yi musu alkawari.

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da tulun Zumuntar Mata. Yaron da na girme wa nesa ba kusa ba, shi zai koya mini sujada? Na same shi na wanke shi tas. Ya bari na gama, ya ce Allahn da na yi wa wa'adi ba kurma ba ne. Kin ji fa. Tuluna zai shiga coci ran Lahadi, ko da a cikin zane ne.

Ki gaida Baban Kelvin.

Taki,
Ngumimi

Lafia, 11 ga Nuwamba

Maman Kelvin,

Ina fata kuna lafiya, ke da yara.

Na kai tulun. Na ɗora shi a cinya, Fasto ya gani, ya kau da kai, wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Mata suka shigo da doya da shinkafa, suna waƙa ƙasa-ƙasa kamar masu rarrashin jariri. Sai aka kira Aondover. Na ɗaga hannu zan buga.

A nan na ji sandarsa a kan siminti, ƙwas, ƙwas, ƙafar tana biye. Wata takwas ina roƙon in ji wannan takun, da na buga da ban ji shi ba. Na sauke hannuna. Na ce Ubangiji, in shirun kake so, ga shi, amma ka sani ba da daɗin rai na ba ka ba. Na yi waƙar ina kuka, har ya ajiye doyarsa a gaba.

Har yanzu ban gaida Fasto ba.

Taki,
Ngumimi

Lafia, 16 ga Nuwamba

Maman Kelvin,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi.

Halimatussa'adiya ta rasu ran Laraba. Na je gaisuwa. Jafaru ya ce ran Lahadin nan ne kaɗai ta sami barci tun dawowarta. Da ta farka ta ji shiru, sai ta tambaya ko mai tulu lafiya, don tun aurenta ba ta taɓa jin na yi fashi ba. Ni ko fuskarta ban sani ba, ƙawata. Ji nake kamar in nutse don kunya.

Amma kin san wasu matan Zumunta na yawo da ni, wai tsoron Fasto ya hana ni bugawa? Ni Ngumimi? Wanda na ji tsoronsa ya fi Fasto.

Jafaru da kansa ya ce mu ci gaba da kiɗanmu. Ki daure ki zo Lahadi ta sama, zan cika wa'adina. Ki zauna kusa da ni, don ban san ko hannuna zai yarda ba.

Taki cikin Ubangiji,
Ngumimi