Wadda Inna Ta Zaɓa

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, aikin hanyar kuma yana tafiya. Tunda dajin da kuke ciki babu sabis, na ba direban kamfaninku wannan takarda.

Kada hankalinka ya tashi, amma an kwantar da Innarka a asibiti tun Litinin. Ciwon ɗan yatsan ƙafarta da take ɓoye mana cikin safa, sukari ya hana shi warkewa. Muna ɗaki na huɗu, gadon bakin taga.

Kwana biyun farko na ji jiki. Likita ya zo zagaye ina layin karɓar magani, na dawo Inna ta ce ya yi 'yan maganganunsa ya wuce. In na tare nas a baranda ta ce in jira mai aikin rana, mai aikin rana ta ce in jira likita. Haka aka yi ta buga ni kamar ƙwallo.

Ran Laraba sai ga wata ma'aikaciya da ƙaramar kwamfuta a hannu. Ta ce asibitin ya fara wani tsari: maras lafiya zai zaɓi mai jinya ɗaya, a saka masa manhaja a waya, ya riƙa ganin magunguna, sakamakon gwaji da lokacin zuwan likita. Yayarka har ta miƙa wayarta. Inna ta nuna ni da baki ta ce, "A ba wannan. Ke leƙowa kike yi, ita ke zama." Yaya ta tafi ba sallama. Kada ka sa baki, ni zan san yadda zan yi da ita.

Yanzu na san ƙarfe tara likita ke zuwa. Yana shigowa yake tarar da ni da tambayoyina a bayan littafin awon ɗinkina. Shago na rufe, masu kaya sun yi mini uzuri.

Matarka,
Maman 'yan biyu

Zuwa ga maigidana,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta abokan aiki. Takardarka ta iso, na karanta wa Inna sau biyu.

Ran Juma'a da safe saƙo ya shigo cewa za a yi wa Inna aiki washegari, kuma a ranar Juma'ar da rana za a fara mata allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ina duba shafin bayananta sai na ga wurin magungunan da jikinta ba ya karɓa an rubuta babu. Ka tuna shekarar da na haihu, allurar da ta kumbura mata fuska har numfashinta ya nemi ɗaukewa? Ashe ranar da aka kwantar da ita an tambaye ta, ta ce babu. Na ce Inna, don me? Ta ce, "Allura dai ai allura ce, ni na san sunanta?"

Ni ma ban riƙe sunan ba. Tsohon katin asibitin yana hannun Yaya, wadda ba ta ɗaga wayata tun Laraba. Na aika mata saƙon murya, na ce fushinki na nan ba zai gudu ba, yanzu kati nake so. Minti goma ba a yi ba ta turo hotonsa, na tura wa likita ta manhajar.

Nas ta zo da tirenta kafin ya amsa. Na gaishe ta, na ce ta yi haƙuri, ba za a tsira wa Inna komai ba sai likita ya gani. Ta ɓata rai, amma ta jira. Da ya zo ya duba hoton, ya ce allurar dangin waccan ce, ya canza ta nan take, ya gyara bayanan da hannunsa.

An yi aikin lafiya. Yatsa ɗaya aka cire, ƙafar ta tsira. Inna ta ce tara ma sun yi mata yawa, ba gudu za ta shiga ba. Yaya ta zo da pilo biyu, na roƙi ma'aikaciyar nan ta saka ta a tsarin ita ma, ta ce ana iya ƙara ta biyu da izinin maras lafiya, Inna ta yarda.

Jibi za a sallame mu. Yadda ake wanke ciwon yana cikin wayar, na kuma gwada sau uku a gaban nas. Gidanmu Inna za ta zauna, na riga na sa an gyara ɗakin ƙasa.

Abu ɗaya zan faɗa maka, kada ka yi mini dariya. Shekara goma sha ɗaya Inna tana kirana matar wane. Jiya likita ya tambaye ta wa zai kula da ciwon a gida, ta ce, "'Yata ta iya." Na waiga ina neman Yaya, ashe ta fita sayo ruwa.

Ka gama aikinka a natse. Yara suna gaishe ka.

Taka har kullum,
Maman 'yan biyu