Na Ajiye Makullin Tirela

Apapa, Legas

Zuwa ga Yaya Rekiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam Abdulsalam da yara da duk mutanen Ajingi. Na ji labarin 'yarki Muhsina ta haihu, Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiya. Na kuma ji ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida, alhamdu lillahi. Fadima da yara suna nan ƙalau.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Duk ranar da na kira ki in kina Kademi sai Inna ta karɓe wayar, in kuma kina gida sai in ji bakina ya yi nauyi, mu ƙare a gaisuwa. Shi ya sa na rubuta na ba wani direba mai tafiya Kano. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma bayan Baba ba ni da wanda zan fara gaya wa sai ke.

Shekara goma sha huɗu ke nan ina jan kwantena daga tashar jiragen ruwa zuwa sito-sito na cikin gari. A gida ana ganin aikin tuƙi ne, amma rabinsa jira ne. Tafiyar da ba ta kai daga Gaya zuwa Wudil ba, sai mutum ya yi mata kwana uku a layi, motar ce ɗakinsa, gefen taya ne masallacinsa. In layi ya motsa taku biyar, dole ka tayar da inji ka bi, ko da loma ce a hannunka, in ba haka ba wani ya shige gabanka. Ka shiga tasha a ce takardarka ba ta fito ba, ta fito a ce injin ɗaga kaya ya lalace. Bayana ya daɗe da sanƙarewa, gwiwar da nake taka kuloci da ita kuwa sai na lallaɓa ta nake yin sujada. Duk wannan na saba, ban taɓa kawo miki ƙara a kai ba.

Wata biyu da suka wuce, da la'asar, na fito da kwantena mai ƙafa arba'in, na shiga garejinmu ina yin ribas. Akwai wata baiwar Allah, Lami, mutuniyar Toranke, da ke sayar mana da tuwo a nan. Ta turo baronta ta ɓangaren dama. Wallahi Yaya na duba madubi, ban ga kowa ba. Ihun mutane ne ya sa na taka birki. Da na diro, na tarar da baron ya lanƙwashe a ƙarƙashin taya, miya ta malale a ƙasa, ita kuma tana zaune a gefe da takalmi ɗaya. Tsalle ta yi, Allah Ya kiyaye. Na durƙusa ina ba ta haƙuri. Ta ce ba za ta kai ni ƙara ko'ina ba, amma ta lura tun bara in ta miƙo mini kwano ta dama ba na karɓa sai ta yi magana. Ta ce in ina so ta yafe, in je a duba mini ido.

Na je. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye gefen idona na dama, ya fara taɓa na hagu. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya tsare ragowar. Ya tambayi sana'ata, da na gaya masa ya ajiye biro, ya ce in ji tsoron Allah in sauka daga motar nan.

Ban sauka ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni kunya. Abokina Mudassir, wanda muka fara aikin nan tare, ya ce in yi shiru, akwai masu ido ɗaya da yawa a kan sitiyari, in dai riƙa juya wuya sosai. Ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba, ya san yara biyar gare ni. Na ƙara sati biyu ina tuƙi. Ranar ƙarshe ina kan gada da kaya, cunkoso ya tsayar da mu, na juya kaina gaba ɗaya sai na ga bas cike da mata da 'yan makaranta manne da tayata, ban san tun yaushe take wurin ba. Na lallaɓa na kai kayan, na dawo na miƙa wa mai motar makullinsa. Ya ce in ƙara tunani. Na ce na yi.

Yanzu ina zaune a ɗaki, ina jin ƙarar tireloli suna wucewa. Ba na jin kewar su. Gajiya ce kawai ta shekaru ta sauko mini lokaci guda, har wanka sai na yi shawara da kaina. Rai dangin goro ne, Yaya.

Mun yanke shawara da Fadima za mu dawo Kademi kafin ruwan shuka. Alfarmar da nake nema ita ce ki zauna da ƙanenmu Hafizu a kan gonar Baba. Na san shi ya wahala da ita duk shekarun nan, shi ya kai taki, shi ya nome ciyawa, ni kuwa ko fartanya ban ɗaga ba. Ba na so ya ji kamar na zo karɓewa ne. Ki ce masa ya yanka mini inda ya ga dama, ko kunya ashirin ce, ya kuma haƙura ya sake koya wa yayansa huɗa. Maganarki yake ji, tawa kuwa za ta yi masa nauyi.

Inna kuma kada ki ambata mata ido. Kin san yadda makantar Baba ta tsaya mata a rai. Zan gaya mata da bakina in na zauna a gabanta. In ta tambaye ki dalilin dawowata, ki ce mata Mu'az ya gaji. Ba ki yi mata ƙarya ba.

Ki gaida Malam Abdulsalam, ki roƙa mini shi addu'a. Ki gaida Inna, da Hafizu da iyalinsa, da Muhsina da jaririnta, da Kawu Yahya na Gaya. Fadima tana gaishe ki ƙwarai. Allah Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ƙanenki,
Mu'az